Sunan Mai Tulu

Lahadi, 3 ga Rabi'us Sani, bayan la'asar

Takardar ta zo da safe cikin ambulan mai kauri, irin na gayyatar biki. Na ɗauka ƙarin girman ne. Shekara goma sha ɗaya ina koyarwa a kwalejin nan, littafina yana hannun kwamiti tun Muharram, har na fara tunanin abayar da zan sa ranar ɗaukar hoto.

Layi biyar ne. An dakatar da duba ƙarin girmana. An kafa kwamitin bincike na mutum uku, Dakta Talal ne shugaba. Ana zargina da ƙirƙirar shaida: wai tsohuwar da na kira Mai Tulu a littafina babu ita a duniya. An ba ni mako uku in kawo cikakken sunanta, lambar ikamarta, wato takardar izinin zama, da adireshinta. In ban kawo ba, zargi ya tabbata, a sallame ni.

Na karanta sau biyu, na sa a jaka, na tafi aji. Darasin yau a kan shakka ne. Ya yi kyau sosai.

Sunan littafin, in an mayar da shi Hausa, "Wa Ake Gaskatawa?" Shafi ɗari uku a kan yadda maganar tsohuwa baƙar fata ke zama tatsuniya, ta namiji mai alƙalami ta zama madogara. Ban zaci za su karanta shi da kyau har su gwada shi a kaina ba.

Da Hausa zan rubuta wannan. A ofis ba mai jin ta, a gida kuma masu jin ta ba sa karanta boko.

Litinin, 4 ga wata, ƙarfe goma na safe, a ofis

An ba ni fayil ɗin ƙorafin. Babu sunan mai ƙorafi. Shafi biyu aka jera gefe da gefe, aka ja layi da jan biro, da rula.

Na dama, wata maƙala da na buga shekara huɗu baya. Wani direban tasi yana cewa, "Uwata Mai Tulu ta haife ni a hanya, kusa da Al-Ubayyid a Sudan, ta goya ni har Jidda."

Na hagu, littafina, shafi na 112. Mai Tulu tana cewa, "'Ya'yana uku, duk a Makka na haife su." A ƙasan shafin ga bayanina: yaron da ta iso da shi ɗan riƙo ne.

Mai ƙorafin ya rubuta a ƙasa: mace ba ta haihuwa a maƙala ta fasa a littafi.

Jimlar ta yi kyau, na yarda. Da ɗalibata ce ta rubuta ta da na ba ta maki.

Dakta Maha, wadda ofishinta ke manne da nawa shekara tara, ta shigo da gahawa da dabino uku. "Ya Shifa, wallahi zuciyata ta karye." Na ce ta zauna kar ta faɗi. Ita ta duba mini gyaran littafin kafin a buga shi. Tana da rula a aljihun teburinta.

Kowa ma yana da rula.

Talata, 5 ga wata, kafin magariba

Ko a nan ba zan rubuta sunanta ba. Inna, shi ke nan.

Ta haura tamanin. Tana zaune a unguwar Hindawiyya a nan Makka, ɗaki ɗaya da rabi a saman shagon mai gyaran taya. Ta bar Kano da mijinta tana da shekara sha bakwai, ƙafa da bayan babbar mota, shekara uku a hanya, suna tsayawa su yi noman auduga su ci gaba. A Makka ta sayar wa alhazai ruwa a tulu. Daga baya ta zama mai wankan gawa. Ta san hanyar Kano zuwa Sawakin, inda ake shiga jirgin ruwa, rijiya bayan rijiya, ta san wadda ruwanta ke kashe jariri. Na gwada bayaninta da taswirar Turawa, wuri biyu suka saɓa, kuma duka biyun taswirar ce ta yi kuskure.

Mijinta ya rasu shekara ashirin da biyu da suka wuce, ikamarta ta bi shi kabari. Ba wanda ya sabunta. Tun daga nan take zaune a garin nan kamar inuwa: kowa na ganinta, babu ta a takarda. In sunanta da adireshinta suka shiga fayil mai hatimi, fayil yana da ƙafa. Za a iya mayar da ita Kanon da ba ta san ƙofa ɗaya a cikinta ba.

Ranar da na fara ɗaukar maganarta ta riƙe mini hannu ta ce, "'Yar boko, rubuta duk abin da na faɗa, amma kar ki rubuta ni."

Na ce to.

Ban ba da sunan ba.

Alhamis, 7 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Zaman farko. Ɓangaren mata, ɗakin taro mai sanyin asibiti. Dakta Basma, mamba ta uku, tana zaune gefena da fayil a cinyarta, ba ta kalle ni ba. Dakta Talal da ɗaya malamin suna cikin allo daga ɓangaren maza. Mu muna ganin su, su muryarmu kawai suke ji. Ban taɓa samun misalin littafina mai kyau kamar ɗakin nan ba.

"Duktura Shifa, muna girmama aikinki."

"Na gani, Duktur. Har da rula."

Ya yi kamar bai ji ba. Na ce ina da muryarta a faifai, awa goma sha tara. Ya ce muryar tsohuwa ce cikin harshen da babu mai ji a kwamitin, tana iya zama ta kowa.

"Kakarki ma," in ji ɗaya malamin.

"Kakata ta rasu, Duktur. Da tana magana da na kawo ta, ta fi ni iya amsa irin wannan."

Sai Dakta Talal ya yi tambayar da ta dame ni, domin mutumin ba wawa ba ne. Ya ce, "In ɗalibarki ta kawo miki ruwaya daga wanda ba a san shi ba, ruwayar kuma tana karo da kanta, za ki karɓa?"

Ba zan karɓa ba. Ban faɗa masa ba.

Na ce, "An san ta. Rabin matan da aka fita da su daga Hindawiyya cikin likkafani ita ta wanke su. Ku ne ba ku san ta ba."

"Tayyib. Sanar da mu."

Ban ba da sunan ba.

Juma'a, 8 ga wata, bayan salla

Na ci gurasar tamis da waken ful. Gishiri ya yi yawa.

Asabar, 9 ga wata, da hantsi

Na share ɗakina, abin da ba na yi sai ina fushi. Na ci karo da hoton ranar da aka ba ni digirin dakta a Ingila. Ni kaɗai, da hular nan mai kama da faifan tuwo.

Shekara biyar na yi a can. A taro su ce, "Shifa, ke da kike Balarabiya, me kike gani?" In an zo maganar launin fata su ce, "Shifa, ke da kike 'yar Afirka." Na dawo garin da aka haife ni, aka haifi uwata, wata a sashenmu ta tambaye ni ko na san inda ake samun siriya mai kyau, tsiren nan da suka san mu da shi. Na sani kuwa. Na ba ta adireshin mafi muni.

A takardar aiki ni malamar tarbiyya ce, domin falsafa ba ta da ƙofa mai sunanta a ginin. Na koyar da ita ta taga shekara goma sha ɗaya. Ba na nadama.

Umma ba ta zo bikin digirin ba, ba ta zo na farko ba ma. Da na dawo da takardar na ajiye a gabanta, sai ta ce wa ƙanwata Manar, "A ɗauke wannan kar miya ta zuba a kai." Ni ce babba a ɗakinta. Kakata Hajiya ce ta raine ni a Jarwal tun yaye, shi ya sa har yau Umma ba ta kira na sai da "ta Hajiya". Yau ma, ina zaune a gabanta, ta ce, "Manar, a ce wa ta Hajiya ta ci abinci, ta rame." Na taɓa rubuta shafi ashirin a Ingila a kan sanyin iyaye mata. An yaba.

Lahadi, 10 ga wata, ƙarfe tara na safe

An ba Maha ajina na falsafar ilimi, "na ɗan lokaci". Ta zo ta nemi takardun darasina. Ta kawo gahawa.

Na ba ta. Na sa mata na mako na biyar a sama, wanda ke kan shaidar zur.

Talata, 12 ga wata, bayan la'asar

Zan rubuta wannan yadda ya faru, ko da ba na so.

Direban tasin nan na maƙalata shi ne Kawu Mukhtaru. Shi zan iya rubuta sunansa, Mukhtaru sun kai ɗari a Hindawiyya. Na kira shi ya kai ni wurin Inna. Shekara shida ina shiga motarsa ban taɓa tambayarsa asalinsa ba, domin ni mai ladabi ce, ba a tuna wa ɗan riƙo riƙonsa. In ya ce "uwata ta haife ni", sai in ce a raina, Allah sarki, yana rufa wa kansa asiri.

Yau na daure. Muna cikin cunkoso na ce, "Kawu, ka yi haƙuri da tambayar. Ka taɓa sanin iyayenka na asali?"

Ya taka birki har na baya ya yi mana hon.

"Na asali? Akwai na jabu ne?"

Na karanta masa shafi na 112. Na gaya masa abin da Inna ta ce ranar da na tambaye ta, "Mukhtaru fa?" Cewa ta yi, "Wannan ai ɗan mutane ne, riƙe musu shi nake."

Ya kifa kansa a sitiyari yana dariya har hularsa ta faɗi.

"La ilaha illallahu! Duktura! Digiri nawa ne ma?"

"Uku."

"Uku! Ba wanda ya gaya miki ɗan fari nake? Me kike so ta ce? Ta buɗe baki ta ce ita ta haife ni? Shekarata sittin da biyar, wallahi ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Kunyar ɗan fari, Duktura. Ba a ƙirga shi, ba a kiran sunansa, ba a yabonsa a gaban mutane. Wannan ko akuyar unguwarmu ta sani."

Na ce akuyar ba ta je Ingila ba.

Muka hau wurin Inna. Tana kan darduma, tana tsince shinkafa da hannun da ba ya rawa ko kaɗan. Na gaishe ta, na ce, "Inna, Kawu Mukhtaru ke kika haife shi?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Kai! Yarinyar nan ba ta da ta-ido. Wa ya raine ki?"

"Hajiya."

"Allah ya jiƙan Hajiya, ta bar aiki a rabi."

"Inna, amsa nake so."

"Ɗan mutane ne," ta ce wa bango. Sai ta buɗe tukunya, ta zaɓo tsokar da ta fi kowace girma ta sa a kwanonsa, ba ta dube shi ba. Shi ma bai dube ta ba. Ya ci.

Ba ta yi ƙarya ba. Shi ma bai yi ba. Mutum ɗaya ne ya ƙirƙiri wani abu a shafi na 112.

Laraba, 13 ga wata, da safe

Babi na shida, "Dangin Hanya". Shafi arba'in a kan yadda matan hanyar hajji ke gina zumunta ba da jini ba, dukansa a kan yaron da Inna ta "tsinta". Shi aka fi yabo. Na karanta shi a birane uku, a ɗaya har wata ta yi kuka.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Alhamis, 14 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Maha ta rufe ƙofa ta zauna. Wannan karon har da biskit.

"Habibti, na yi tunani. Akwai mafita, ba sai kin ba da suna ba. Ki rubuta musu cewa tsohuwar ta rikice. Shekara tamanin, ta manta 'ya'yanta nawa. Kowa ya san tsofaffin nan. Duktur Talal zai karɓa, na tabbata."

"Kin tambaye shi ne?"

Ta gyara zoben hannunta.

Hanya ce mai kyau, ban musa ba. Aikina ya tsira, babi na shida ya ɗan yi ɗingishi ya wuce, sunan Inna ya zauna inda yake. Abin da kawai za a biya shi ne in sa hannu cewa matar da ta gyara taswirar Turawa ba ta san abin da ya fita daga cikinta ba. Shafi ɗari uku na rubuta a kan masu yin haka.

Na ce, "Maha, ƙwaƙwalwarta ta fi tawa da taki in an haɗa."

"To ke kika sani. Ni taimako nake."

"Na sani. Tun farko."

Ta bar biskit ɗin. Na ci, ba laifinsa ba ne.

Asabar, 16 ga wata, da hantsi

Kawu Mukhtaru ya gaya wa Inna komai, ban sa shi ba. Ta aiko shi da saƙo: a kawo mota, za ta je makarantar da kanta. Wai matar da ta juya gawa dubu ba ta tsoron namiji a cikin talabijin.

Shi ma ya ce zai je ya rantse. Na ce in ya je, an san uwarsa kafin ya gama sallama.

"To ki zauna a kore ki?"

"A kore ni ina da gida, Kawu. Ita in an kore ta sai ina?"

Ya gyara zaman hularsa. Sai ya ce, "Digirin nan dai bai lalace duka ba."

Ban ba da sunan ba.

Lahadi, 17 ga wata, ƙarfe uku na rana

Na rubuta wa kwamiti shafi biyu. Na ce shaidun biyu gaskiya suka faɗa, kuskuren nawa ne. Na bayyana al'adar. Na janye babi na shida da hannuna. Ban sa kalmar ban haƙuri ko ɗaya ba, sai dai ga Inna, ita kuma ba ta karatu.

Amsa ta zo kafin in gama shan shayi. Dakta Talal ya ce bayanin "mai ban sha'awa ne", amma kwamiti ba shi da madogara a gabansa da ke nuna uwa mai hankali tana cire ɗanta daga ƙirga. Ya ce al'adar da ta bayyana daidai ranar da ake buƙatarta tana buƙatar hujja. Wa'adi yana nan, Lahadi mai zuwa.

Da ni ce a kujerarsa haka zan rubuta. Wannan ne ya fi ba ni haushi.

Litinin, 18 ga wata, da rana

Kwana shida.

Talata, 19 ga wata, bayan azahar

Na kai Umma awon sukari. Sabuwar ma'aikaciya, sabon fom.

"Hajiya, 'ya'ya nawa?"

"Huɗu."

Shekara da shekaru ina jin wannan amsar. Kullum sai in yi dariya in ce, "Biyar ne, ta manta da ni," ma'aikaciya ta yi dariya, Umma ta dubi silin. Wasu sun gyara, wasu ba su gyara ba. Kullum ina komawa mota da wani abu a raina, in sa masa suna da Turanci.

Yau ban gyara ba. Na tsaya ina kallon ta tana kallon silin.

Shekara arba'in da huɗu. Ni da nake koya wa 'ya'yan mutane yadda ake sauraro.

Na nemi kwafin tsoffin fom ɗinta. A biyar daga cikinsu an rubuta huɗu, mafi tsufa ya shekara sha shida.

Laraba, 20 ga wata, bayan la'asar

Ban so ba. Uwata ba abin nuni ba ce. Na yi ta zagaya kicin kamar mai neman cokali.

"Umma, ranar Lahadi ina so ki raka ni makaranta. Za su yi miki tambaya, ki amsa yadda kika saba."

Ba ta bar yankan albasa ba. "Ni me ya haɗa ni da makarantar mutane?"

"Za su kore ni."

"Allah ya kyauta."

Na juya zan fita.

"Don tsohuwar Hindawiyya ne?"

"E."

Ta ajiye wuƙar. "Ita ta wanke Hajiya. Manar! A goge mini baƙar abayar nan mai aiki a hannu."

Don Inna za ta je, ba don kowa ba. An rubuta, an sa hannu.

Asabar, 23 ga wata, da yamma

Gobe. Na kwashe littattafaina daga ofis tun Alhamis, kada a ce sai an taya ni.

Lahadi, 24 ga wata, bayan la'asar

Kawu Mukhtaru ya sauke mu a ƙofar mata. Umma ta shiga ginin da nake aiki shekara goma sha ɗaya a karo na farko, ta ce sanyin ya yi yawa.

Na miƙa wa Dakta Basma katin iyalinmu da fom ɗin asibiti, ta tura wa maza hotonsu. Na ce ban kawo sunan ba, na kawo al'adar. Na ce Dakta Talal ya yi tambayar da kansa, ni ba zan sa baki ba.

Ya gaishe ta da ladabi, yana ce mata hala, wato gwaggo, wannan ba zan hana shi ba. Umma ta amsa da Larabcinta na Jarwal.

"Ya hala, 'ya'yanki nawa?"

"Huɗu, alhamdu lillahi."

"Ki faɗa mana sunayensu."

"Abdulilah, Manar, Jibril, Nuha."

"Katin da ke gabana ya ce biyar."

"Katin ya fi ni karatu."

Ɗaya malamin ya yi tari. Dakta Talal ya ce, "Wannan da ke zaune kusa da ke fa?"

"Ta Hajiya ce."

"Ba ke kika haife ta ba?"

Umma ta dubi silin.

Dakta Talal ya ce, a hankali, ana iya koya wa mutum ya ce huɗu. Dakta Basma ta ce fom ɗin farko ya girmi littafin da shekara goma sha biyar. Ya ce ya gani. Sai ya ce, "Abu ɗaya ya rage, ya hala. Ki faɗi sunanta kawai. Sau ɗaya. Aikinta na iya dogara a kai."

Ban san me yake nufi da wannan ba, ko gwaji ne, ko shi ma so yake ya gani. Umma ba ta san wace amsa ce za ta cece ni ba. Na ga ta buɗe baki. Na ga leɓenta ya motsa zai yi harafin farko. Gumi ya keto mata a ɗakin da ta ce ya yi sanyi. Hannunta ya zo kan gwiwata a ƙarƙashin tebur, ya matse har na ji ƙashi. Rabona da hannunta a jikina ban tuna ba.

Sai ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Duktura Shifa? Ba ma jin komai."

Dakta Basma, wadda mako uku ba ta ce uffan ba, ta jawo makirufo gabanta.

"Duktur, ya isa. Kai ba ka ganinta, ni ina ganinta. Ba koya mata aka yi ba."

"Muna da hujjar haka?"

"Kana da maganata. Ka yanke ko za ka gaskata ni."



A mota Kawu Mukhtaru ya tambaya yaya aka yi. Umma ta dubi taga ta ce, "'Yar mutanen nan akwai taurin kai."

"Wa ta gado, Hajiya?"

"Ka kula da tuƙinka."

Talata, 26 ga wata, da safe

Ba labari. Maha ba ta kawo gahawa ba.

Alhamis, 28 ga wata, kafin magariba

Ambulan mai kauri kuma. An cire kalmar nan ta ƙirƙira. An sa "kuskure a hanyar bincike". Ƙarin girma sai bayan shekara biyu. Dole in buga gyara a mujallar kwaleji. Ajin falsafar ilimi zai ci gaba da zama a hannun Maha har ƙarshen shekara. Game da sunan shaidar kuwa, kwamiti "bai ga buƙatarsa ba a halin yanzu".

A halin yanzu. Na ja wa wannan layi. Na sayi rula.

Kuskure a hanyar bincike. Karon farko ke nan da kwamiti ya rubuta gaskiya a kaina, ba zan ɗaukaka ƙara ba.

Na mayar da littattafaina ofis, akwati huɗu, ban nemi taimako ba. Na rubuta gyaran a zaune ɗaya:

"Shafi na 112. Inda aka ce ɗan riƙo ne, a karanta: ɗanta ne na fari. Shaidar ta faɗi gaskiya yadda ake faɗinta a gidansu. Marubuciyar ce ba ta iya ji ba. Babi na shida an janye shi, wani zai zo a madadinsa, kuma ba zai fi wannan daɗin karantawa ga kwamiti ba."

Za su cire jimlar ƙarshe. Zan mayar.

Na biya ta Hindawiyya. Inna ta ce, "Kin rubuta ni?" Na ce a'a. Ta ce, "To zauna, akwai rijiyar da na manta ban gaya miki ba, bayan Al-Fashir." Na kunna faifai. Wannan karon na ajiye biro.

A gida na tarar da kwano a rufe a kan teburina. Cinyar kaza, ba fiffike ba. Manar ba ta nan, babu kowa sai mu biyu. Umma ta tsaya a bakin ƙofa ta ce wa bango, "A ce wa ta Hajiya abinci yana hucewa."

Na ce wa bangon an gode.

Ban ba da sunan ba.